Wata bakwai a makarantar jinya, ɗiyata ko allura ba ta iya ba

Baban Ummi (Jega):
Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Ina da damuwa, kuma na san akwai ma'aikatan asibiti a cikinmu. Ɗiyata ta biyu, Ummi, tana kwalejin koyon aikin jinya, wata bakwai ke nan da shigarta. Tun daga sayen fom zuwa kuɗin makaranta, fararen kaya da littattafai, kuɗin albasar bara kaf can suka tafi. Ta zo hutu ran Alhamis. Mahaifiyata tana kwance tun da shanyewar ɓarin jiki ta same ta, shekaranjiya kuma zazzaɓi ya rufe ta. Na aika kemis aka sayo allura, na ce wa yarinya ta yi mata. Buɗar bakinta sai ta ce ba za ta yi ba, wai ba a kai su wurin ba tukuna, kuma ba wanda ya duba tsohuwa ya rubuta allurar. Na ce to me kuke koyo duk watannin nan? Ta ce gyaran gado, wanke hannu, yi wa mara lafiya wanka, auna zafin jiki, sassan jikin ɗan Adam, da tarihin wata Baturiya. Ga yaron maƙwabcinmu, wata huɗu ya yi a kemis, yanzu har ruwa yake ƙara wa mutane a gida. Don Allah ku gaya mini gaskiya, karatu ake yi a can, ko aikatau muka kai 'ya'yanmu?

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Inna Sista, Malam, ga magana ta zo ƙofarku.

Inna Sista (Argungu):
Alhaji, a ajiye zancen makaranta tukuna, tsohuwa ta fi gaggawa. Wata nawa ta yi a kwance? Tana iya juyawa da kanta? In ana ba ta kunu tana ƙwarewa? Fitsarinta ya canja wari ko launi? Kuma wa ya duba bayanta da ƙugunta kwanan nan, ina nufin a ɗaga zane a gani da ido?

Baban Ummi (Jega):
Hajiya, wata uku ke nan. Ba ta juyawa sai an juya ta. Tana ɗan tari in an ba ta abu mai ruwa. Sauran kuwa sai na tambayi mata, ni ba na shiga wannan hurumin.

Inna Sista (Argungu):
To ka aika a tambaya yanzu, kada ka bari sai gobe. Wanda ya yi wata uku a kwance, ba dole ne zazzaɓinsa ya zama na sauro ba. Yana yiwuwa abinci ne ke zarcewa huhu saboda haɗiya ta yi rauni, yana yiwuwa ciwon mafitsara ne, yana yiwuwa gyambon kwanciya ne ya ruɓe a inda ba mai dubawa. In ɗaya daga cikin ukun nan ne, allurar maleriya ba abin da za ta yi sai dai ta kwantar muku da hankali kwana biyu, ciwo kuma yana ci.

Shekara 35 na yi a wannan aiki kafin in ajiye. Wallahi Alhaji, da ɗiyarka ta karɓi allurar nan ta yi, ni zan fara cewa a binciki makarantar.

Gyaran gadon da ka raina, bari in gaya maka abin da ke cikinsa. Fatar da ke kan ƙashi, irin ta ƙugu, kwankwaso, diddige da kafaɗa, in nauyin jiki ya danne ta na awanni, jini yana daina isa wurin. Da fari wurin zai yi duhu ko ja, ka danna da yatsa launin bai sake ba. Daga nan ya saɓule kamar ƙuna. In aka bar shi sai ya yi rami har a hango ƙashi. Zanen gado da ya naɗe, ɓurɓushin tuwo, damshin fitsari, duk suna ƙara masa sauri. Shi ya sa ake horar da yarinya ta ja zane ya miƙe sumul, ta juya mara lafiya duk bayan awa biyu, dare da rana. Wankan kuma shi ne lokacin da take ganin jiki gaba ɗaya, inda ya kumbura, inda ya rame, inda ya fara ɗurar ruwa.

Na taɓa karɓar wani dattijo da aka kawo mana daga ƙauye, karaya ce kawai a cinya. Karayar ta kama hanyar haɗewa, gyambon da ya zo da shi a baya ne ya tafi da shi. Har yau ina ganin babban ɗansa ranar da muka kwance zanen, ya cire hula ya rufe fuska da ita, yana cewa wata biyu yana sayen magani, ba wanda ya taɓa ce masa a riƙa juya Baba.

Mai Kemis (Kamba):
Inna, da girmanki, amma a yi mana adalci. Kullum mu ne abin zagi. A garuruwan bakin iyaka irin namu, ƙarfe ɗaya na dare yaro ya sanƙare da zazzaɓi, ƙofar wa ake bugawa? Tamu. Asibitin sai an yi tafiya, in an je ma wani lokaci a tarar ba kowa. Shekara 12 ina allura, ban taɓa kashe kowa ba. Aikin hannu ne, mai yi shi ke iyawa.

Malamin Jinya (Birnin Kebbi):
Ɗan'uwa, ba wanda ya ce ba ku da amfani, ni kaina a kemis nake sayen farasitamol. Sai dai lasisin da aka ba ku na sayar da wasu magunguna ne a cikin kwalinsu, allura da ƙarin ruwa ba sa ciki. Soka allura kam ko yaro zai koya a yini ɗaya. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin abin da ke ƙarƙashin fatar da za ka soka. Akwai wata babbar jijiya da ta taso daga ƙugu, ta ratsa ɗuwawu, ta sauka har tafin ƙafa. Saboda ita muke raba ɗuwawu gida huɗu, mu yi allura a gidan sama na waje kaɗai. In aka same ta, yaro zai tashi yana jan ƙafa, iyaye su ce shan inna ce ko iska, su nufi wurin mai magani. Ba za su dawo shagonka su gaya maka ba, shi ya sa kake ganin ba ka taɓa yi wa kowa illa ba. Haka ƙarin ruwa. Yaro mai tamowa ko tsoho mai ciwon zuciya, leda ɗaya in ta shiga da gudu tana iya cika masa huhu da ruwa.

Alhaji, abin da Ummi ta lissafa maka shi ne ginshiƙin karatun, kuma a watannin farko ake kafa shi. Ana yi musu jarrabawa a kai, wanda ya faɗi ba ya wucewa gaba. Suna fara gwaji a jikin mutum-mutumi a ɗakin koyo, sai an gamsu sannan a kai su ɗakin marasa lafiya, su yi a gaban babba. Ko an zo kan allurar ma, kafin ta zuƙi magani sai ta tabbatar wannan ne mara lafiyar da aka rubuta wa, wannan ne maganin, adadin daidai ne, ta baki ne ko ta jijiya ko ta tsoka, kuma lokacinsa ya yi. Bayan ta yi ta rubuta ta sa hannu. Ɗaya daga cikin waɗannan ya kuskure, magani ya koma guba.

Baban Ummi (Jega):
Na ji Malam. To amma in likita ne ke rubuta magani ita kuma ta bayar, ashe nas 'yar aiken likita ce ke nan?

Malamin Jinya (Birnin Kebbi):
A'a Alhaji. Aiki biyu ne da suka jingina da juna. Likita yana neman sunan cutar da maganinta, ya zagaya da safe, ya tsaya minti kaɗan a kan kowane gado ya wuce. Mai jinya tana tare da mutumin awa 24, ana karɓa-karɓa. Wata malamar jinya 'yar Amurka, Virginia Henderson, ta bayyana aikin da cewa taimaka wa mutum ne ya yi abubuwan da da kansa zai yi wa kansa in da yana da ƙarfi, ko niyya, ko sani, har ya kai ya daina buƙatarka. Ta lissafa buƙatu 14, tun daga numfashi, ci da sha, bayan gida, barci, tsabta, har da ibada. Likita zai rubuta maganin hawan jini ga mahaifiyarka, amma wa zai lura ba ta iya haɗiye shi? Wa zai zaunar da ita a miƙe kafin a ba ta kunu, ya taya ta alwala ko taimama, ya koya wa surukanta yadda ake juya ta ba tare da an ja kafaɗar da ta shanye ba?

Kuma ba da ka ake yi ba, akwai tsari. Ka fara tattara bayani da ido da kunne da hannu da awo. Daga nan ka fitar da matsalar da ke hurumin jinya, misali fata na cikin haɗarin gyambo. Ka tsara abin yi da lokacin da kake son ganin sauyi, ka aiwatar, sannan ka dawo ka duba ko ya yi aiki. In bai yi ba ka koma farko. Tambayoyin da Inna Sista ta jero maka ɗazu, matakin farko ne ta yi maka ta waya.

Nas ɗin Ƙauye (yankin Bagudo):
Malam, bari in ƙara da abin da ya same ni a daminar da ta wuce. Wajen ƙarfe tara na dare, ba wuta, wani ya kawo matarsa a babur, ko kashe mashin ɗin bai yi ba. Ya ce ciwon kai ne, in yi mata allura su koma. Cikinta wata takwas. Da na haska ta da fitilar waya sai na ga silifas ɗinta rabin ƙafa kawai ya shiga, fuska ta cika, zoben hannunta ya nutse cikin yatsa. Na tambaye ta ko tana ganin wani abu na gilmawa a ido, ta gyaɗa kai. Na ɗaura mata abin awon hawan jini, 170 bisa 110. Mai ciki da ta wuce mako 20, daga 140 bisa 90 ma an shiga damuwa, balle wannan. Jijjiga ce ke ƙofa. Mijin ya yi ta faɗa, wai na cika bincike, a kemis da tuni an gama. Na ba ta kashin farko na maganin hana jijjiga kamar yadda ƙa'ida ta ce, na rubuta takarda da awon da lokacin, muka nemo mota aka wuce da ita babban asibiti. Bayan suna ya zo da ƙwaryar ƙwan zabi. Da allurar ciwon kai na yi mata, ban san abin da za a tarar da asuba ba.

Maman Sadiq (Yauri):
Duk na karanta, kuma ban ƙaryata kowa ba. Amma ku yi haƙuri, ni abin da na gani daban ne. Haihuwata ta uku a asibiti na yi. Ina cikin naƙuda ina kiran sunan Allah, wata nas ta daka mini tsawa a gaban mutane, ta faɗi maganar da ba zan iya rubutawa a zauren da akwai iyayena maza ba. Ba labule, masu wucewa na kallo. Da na ce ina jin jini na zuba sai ta ce in yi mata shiru, tana kan waya. Mai shara ce ta leƙa ta ga abin da ke ƙasa ta yi ihu. Tun daga ranar na ce in dai ba dole ba, a gida zan haihu. To ina buƙatu 14 ɗin suke a ranar? Ko ita ba ta bi ta makarantar ba ne?

Nas ɗin Ƙauye (yankin Bagudo):
Allah ya ba ki haƙuri Anti, abin ba daɗin ji. Amma ki sani wani lokaci mutum ɗaya ke riƙe da ɗaki guda cikin dare, ga masu naƙuda, ga jarirai, ba safar hannu, ba wuta, albashi bai kai ƙarshen wata. Waɗanda suka ƙware suna ta ficewa, wasu Abuja, wasu Saudiyya, wasu Ingila. Wanda ya rage gajiya ce ke sa bakinsa ya yi kaifi.

Inna Sista (Argungu):
A'a ɗana, a nan ban bi ka ba. Ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, ni ma na kwana ni kaɗai a ɗaki cike, da fitilar ƙwai. Gajiya tana iya sa ka makara zuwa kan gado, amma ba ta sa ka zagi mace tana tsakanin rai da mutuwa. Kuma wadda ta haihu ta ce tana zubar da jini, ko me kake yi ajiye shi za ka yi, don zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe matanmu, kuma cikin ɗan lokaci yake yi. Maman Sadiq, ɗiyata, abin da aka yi miki laifi ne a ƙa'idar aikin kanta, ba sai an je ga addini ba. Rufa asirin mara lafiya, suturta shi, neman izininsa kafin a taɓa shi, sauraron kokensa, duk ana koyar da su ana kuma jarrabawa a kai. Kina da haƙƙin kai ƙara wurin shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, kuma hukumar da ke ba mu lasisi tana da kwamitin ladabtarwa, tana iya dakatar da mutum ko ta soke sunansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarshen maganarki. Ta kore ki daga asibiti, kuma na san kin ba mata da yawa labari, su ma sun ji tsoro. Don Allah in Allah ya sake kawo rabo, kada ki zauna gida saboda ita, musamman da yake kin taɓa zubar da jini. Ki je awo, ki gaya musu tun ranar farko.

Maman Sadiq (Yauri):
Na gode Inna. Wallahi ke ce ma'aikaciyar asibiti ta farko da ta ce mini an yi mini laifi.

Ɗalibar Aji Uku:
Iyayena ku ba ni dama in ce wani abu. Matsalar da muke gani mu ɗalibai ita ce abin da ake koya mana a aji da abin da muke tararwa a ɗakin marasa lafiya ba sa haɗuwa. A aji an ce ka wanke hannu kafin ka taɓa mara lafiya da bayan ka taɓa shi. Ka je ka tarar famfo ba ruwa, bokiti ɗaya ne tun safe. An ce ka ƙirga numfashi na minti guda cur. Ka tsaya kana ƙirgawa, wata babba ta ce kina ɓata mana lokaci, rubuta 20 kawai. In kin ƙi a ce kin cika iyayi. A haka mutum ke sakin abin da ya koya tun bai gama makaranta ba.

Malamin Jinya (Birnin Kebbi):
Wannan ita ce damuwata ta kullum, kuma laifinmu ne mu malamai da ba ma bin ku ɗakunan yadda ya kamata. Amma ɗiyata kada ki taɓa rubuta awon da ba ki yi ba. Babba yana numfashi 12 zuwa 20 a minti, kuma sau da yawa numfashi ne ke fara sauyawa kafin jiki ya rikice. A yara ma da shi ake kama ciwon nimoniya a inda ba na'urar hoto: jariri ɗan wata 2 zuwa shekara ɗaya in ya kai 50 a minti, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, numfashinsa ya yi sauri. Wadda ta rubuta 20 da ka, ta rufe wa wanda zai karɓi aiki ido, shi kuma zai dogara da takardar. Ki yi haƙuri da sunan da za su kira ki, ki ƙirga.

Baban Ummi (Jega):
To ita Baturiyar da suke haddace tarihinta fa? Mu ba mu da namu ne?

Malamin Jinya (Birnin Kebbi):
Muna da su, kuma tamu ta riga ta da ƙarnuka. Rufaida Al-Aslamiyya, sahabiya ce, tana da tanti a masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a Madina, inda take jinyar masu rauni. Da kibiya ta sami Sa'adu bin Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, a tantinta aka ce a kwantar da shi don a riƙa duba shi daga kusa. Ina fara wa ɗalibaina da ita, musamman don iyayen da ke ganin aikin bai dace da ɗiya musulma ba.

Baturiyar kuwa Florence Nightingale ce. A 1854 ta tafi da mata 38 asibitin sojojin Ingila a Turkiyya lokacin yaƙin Kirimiya, ta tarar cututtuka irin su atuni, kwalara da taifot sun fi raunin yaƙi kashe sojoji. Bayan an gyara magudanan ƙazanta, aka samar da iska da tsabta, mace-mace suka ragu ƙwarai, ita kuma ta riƙa tattara alƙaluma tana nuna wa hukuma. A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke Landan, daga nan tsarin horon ya bazu duniya. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya. Abin da ake so Ummi ta ɗauka daga tarihin shi ne muhallin da mutum ke ciki yana iya warkar da shi, yana iya kashe shi.

'Yar Anka (aure a Birnin Kebbi):
Malam, wannan mu mutanen Zamfara mun gan shi da idonmu. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, da jijjiga da amai, ana ta ba su maganin maleriya ba sauƙi. Ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar na zuba inda yara ke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu. Kuma ko da ƙungiyar likitoci ta MSF ta kawo maganin fitar da gubar, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, don in ka yi wa yaro magani ka mayar da shi cikin ƙurar nan, aikin banza ne. Garin Bagega da ke Anka ma sai 2013 aka share shi. Tun daga lokacin na gane dalilin da ya sa ma'aikaciyar jinya ke tambaya me maigida ke yi, ina kuke ɗiban ruwa. Da can ina ɗauka bin diddigi ne kawai.

Ɗan Zuru:
Ku gafarce ni in ɗan karkata. Ƙanwata ta gama sakandare bana, tana son aikin nan. Wace hanya ce ta fi, kuma yaya ake gane makarantar gaskiya? Wani ya kawo mana fom na wata makaranta mai zaman kanta, wai shekara ɗaya an gama.

Malamin Jinya (Birnin Kebbi):
Ku mayar masa da fom ɗinsa. Babu aikin jinya na shekara ɗaya. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke amincewa da makaranta, ita ke yi wa ɗalibi rajista, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe ta ba da lasisi. Makarantar da ba ta cikin jerinta, ko shekara goma aka yi a ciki takardar ba ta da amfani, kuma jerin yana shafinta na intanet. Ana neman kiredit biyar, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama bai wuce biyu ba. Tsohon tsari shekara uku ne a makarantar jinya. Yanzu kwalejoji da yawa sun koma tsarin ND da HND, shekara biyu-biyu, ta hanyar JAMB. Digiri a jami'a shekara biyar ne da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, kuma akwai shi nan kusa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Akwai kuma na jinya da ungozoma na al'umma, shekara biyu, don waɗanda za su koma su yi aiki a yankunansu. In tana da ƙarfin karatu kuma gida zai iya, ni digiri zan ba ta shawara, don ya fi buɗa hanya gaba. Amma na ga masu digiri da ba su iya juya mara lafiya ba, na ga 'yan shekara uku da zan ba su amanar mahaifiyata. Lasisin ma ba na har abada ba ne, duk shekara uku ake sabuntawa, sai ka nuna ka halarci ƙarin horo.

Mai Kemis (Kamba):
Na ji duka. Maganar jijiyar nan ban san ta haka ba, zan kiyaye. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: in na daina, wa zai tashi wa mutanen unguwarmu ƙarfe ɗaya na dare? Ku kawo nas ta zauna a garin, ni da kaina zan riƙa tura mata mutane.

Nas ɗin Ƙauye (yankin Bagudo):
Wannan tambayar gwamnati da ƙananan hukumomi ya kamata su amsa, don ko masauki babu a yawancin asibitocin ƙauye, mace ba za ta kwana inda ba ƙofa ba. Kafin nan, ka sayi abin gwajin maleriya da ma'aunin zafi, ka bar allura, ka san alamomin da in ka gani za ka ce a wuce asibiti ba tare da ka karɓi ko sisi ba. In kana so zan turo maka su ta akwatinka.

Mai Kemis (Kamba):
Turo.

Baban Ummi (Jega):
Jama'a na dawo. Na shiga da kaina na tambaya. Ashe tun ran Juma'a Ummi ta ga ciwo a ƙugun tsohuwa, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, yana ruwa yana wari. Ta gaya wa uwarta, uwar ta ce kada a tayar mini da hankali, suna shafa man kaɗanya. Ta nuna mini wani littafin makaranta da take rubuta zafin jikin kakarta duk bayan awa huɗu, na ƙarshe 39.2, da lokutan da ta juya ta, har da na ƙarfe biyu na dare. Ni ina can ina mata faɗa a kan allura. Hajiya, yanzu me za mu yi?

Inna Sista (Argungu):
Asibiti Alhaji, kuma kada a wuce safiya. In ta fara rikicewa, ko numfashi ya yi sauri, ko ta daina fitsari, ko cikin daren nan ne ku tafi. A daina shafa komai a ciwon, a rufe shi da tsabtataccen bandeji, a kwantar da ita ta gefe, a sa matashi tsakanin gwiwoyi da wani a bayanta, diddige kada ya taɓa katifa. In za a ba ta abin sha a zaunar da ita a miƙe, kaɗan-kaɗan da cokali, in ta ƙware a dakata. A mota ma kada a jingina ta a kan ciwon. Littafin nan ku tafi da shi, Ummi ta miƙa wa wanda zai karɓe ku da hannunta, ita za ta yi bayani.

Baban Ummi (Jega):
To Hajiya. Na kira direba, da an sallame asuba za mu kama hanyar Birnin Kebbi. Allurar tana nan a aljihuna, in tafi da ita ko in mayar?

Inna Sista (Argungu):
Tafi da ita ka nuna musu, tare da duk magungunan da take sha, har na gargajiya. Ka ce wa Ummi ta sake awo kafin ku tashi ta rubuta lokacin. Zan bar wayata a kunne.